Mu san kayan aikinmu: tarhon biro da maɓallansa

Wani makiyayi na ƙasar Rumbu ya wayi gari shanunsa uku suna tari. Sun ƙi kiwo, suna tsaye kai a ƙasa. Ɗansa ya yi karatun yaƙi da jahilci, kuma yana da lambar ma'aikatar kiwo rubuce a bayan littafinsa. Suka hau tudu inda salula ke kamawa, suka buga. Wata mace ta ɗauka. Ta saurari bayanin tsoho har ƙarshe, ta ce: "To Baba, dakata kaɗan." Daga nan muryarta ta ɓace, sai kiɗa ya fara tashi a kunnensa.

Tsoho ya fusata. Ya ce yana maganar dukiyarsa an kunna masa rediyo. Ya kashe. Ɗan ya sake bugawa, suka ji wani kuka gajere yana maimaituwa da sauri. Tsoho ya ce: "Ka ji ko? Sun rufe." Suka sauko daga tudu, salula ta daina kamawa.

Bayan kwana biyu ya samu motar kasuwa, ya biya kuɗi ya tafi Dakwaro. Da ya faɗi sunan rugarsa, matar da ke zaune bakin tebur ta gane shi. Ta ce: "Baba, ai ni na ɗauka ran nan. Likitan yana ɗakin baya, na tashi in kira shi. Kiɗan nan alama ce ta jira. Da muka dawo ka kashe. Muka yi ta neman ka ba ka shiga." Tsoho ya riƙe baki, ya ce: "Ɗiyata, wallahi ban sani ba."

Likita ya je rugar. Amma a cikin kwanakin nan biyu shanun marasa lafiya sun sha ruwa bakin rijiya tare da na jama'a. Ciwon huhu kuwa ta numfashi yake bi daga dabba zuwa dabba. Rashin sanin maɓalli ɗaya ya jawo kuɗin mota, da ɓata kwana biyu, da tsoro ga garke duka. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shi ya sa a wannan wata filin nan zai yi bayanin tarhon da ke kan teburin biro: yadda yake, da aikin kowane maɓalli, da yadda manomi ko makiyayi zai ci amfaninsa.

ME YA SA SAI TARHON BIRO, GA SALULA?

Tarho ya daɗe a duniya. A 1876 wani mutum mai suna Alexander Graham Bell ya samu takardar shaidar ƙirƙiro shi a Amurka. Na farko-farko sai an kira gidan waya, ma'aikaci ya haɗa mutum da wanda yake nema. Daga baya aka yi mai faifai, wanda ake juyawa da yatsa. Mai maɓallai ya fito a Amurka a 1963, shi ne ya bazu ko'ina.

A Nijar dattawa suna tuna lokacin da mai son magana da ɗansa a Yamai sai ya je gidan waya ya yi layi. A 1997 aka kafa kamfanin Sonitel. Celtel ya shigo da salularsa a 2001, wanda yau ake kira Airtel. A 2006 lambobin ƙasar suka tashi daga shida suka koma takwas. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom, suka zama Niger Telecom.

Yau salula ta kai har ruga. To, me za a yi da tarhon tebur?

Amsar ita ce: salula ta mutum ce, tarhon tebur na biro ne. Malamin gona yana iya ba manomi lambar salularsa. Wata rana a canza masa wurin aiki, a kai shi Tawa ko Damagaram. Salular ta tafi tare da shi. Amma lambar biro tana nan inda take. Duk wanda ya gaje shi, shi zai ɗauka. Haka kuma in ma'aikaci yana hutu, ko ya shiga daji, ko salularsa ba caji, tarhon biro yana da mai ɗauka a lokacin aiki.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ayyuka da yawa suka sauko kusa da talaka. Duk da haka akwai abin da sai an tambayi Dakwaro, akwai wanda sai an tambayi Maraɗi. Tsakanin Dakwaro da Maraɗi wajen kilomita 120 ne. Tambayar da za ta ci kwana biyu da kuɗin mota, tarho yana amsa ta kafin shayi ya huce.

IRI BIYU NE

Na farko mai igiya ne. Igiyarsa ta shiga bango, ta bi turaku ko ƙarƙashin ƙasa har gidan waya. Lambarsa takan fara da 20. A birnin Maraɗi ana ganin masu farawa da 20 41. In irin na da ne, marar ado, ko an ɗauke wuta yana aiki, domin ɗan ƙarfin da yake bukata ta igiyar yake zuwa.

Na biyu yana kama da na farko sak, amma ba igiyar da ta fita waje. Layi ake sa masa kamar na salula, kuma yana da ɗan tsinke a gefe mai kamo magana. Yana da batir, sai an yi masa caji. Wutar rana ta ishe shi. Wannan shi ya dace da ƙauyen da igiya ba ta kai ba. Ƙungiyar manoma, ko bankin cimaka, ko kwamitin kasuwar dabbobi irin ta Sakabal, suna iya sayen sa su aje a wuri ɗaya. Ko shugaba ya yi tafiya, lambar ƙungiya tana gida.

KAN TARHO DA KUKANSA

Abin da ake ɗauka a kai kunne shi ne kan tarho. Gefen da igiya ta fito shi ne na baki, ɗayan na kunne. A wurin da kan yake kwanciya akwai wani ɗan harshe da yake dannewa. In an ɗaga kan, harshen ya tashi, hanya ta buɗe. In an aje shi daidai, hanya ta rufe. In aka aje shi a karkace, hanya tana buɗe, duk wanda ya kira ba zai samu ba. Biro yana iya wuni haka ba wanda ya lura. Saboda haka mai gama magana ya duba ko kan ya zauna sosai.

Tarho yana da kuka iri uku. Kowa ya kamata ya san su.

Kuka dogo wanda ba ya yankewa: ana jin sa da an ɗaga kan. Ma'anarsa hanya a buɗe take, a buga lamba.

Kuka dogo, shiru, kuka dogo, shiru: tarhon can yana ƙara, a jira a ɗauka. A bar shi ya yi kamar sau bakwai ko takwas. Wataƙila ma'aikaci yana tsakar gida.

Kuka gajere mai sauri: wani yana magana a kan layin. Ba rufewa aka yi ba. A aje, a ɗan jima, a sake. Wannan kukan ne makiyayin Rumbu ya ji a bugu na biyu, domin a lokacin su ma can suna ƙoƙarin kiran sa.

MAƁALLAN LAMBA

Guda 12 ne, jeri huɗu, uku-uku. Jeri na farko 1, 2, 3. Na biyu 4, 5, 6. Na uku 7, 8, 9. Na ƙasa akwai tauraro, da 0, da wata alama mai kama da gidan dara. A kan 5 akwai ɗan ƙurji da yatsa ke ji. An yi shi don makafi da mai bugawa cikin duhu. In yatsa ya samu 5, ya san 2 tana sama, 8 tana ƙasa, 4 hagu, 6 dama.

Lambar Nijar takwas ce, kuma bibbiyu ake faɗin ta. Mai rubutawa ya rubuta ta bibbiyu, ya bar fili tsakani. Haka ta fi sauƙin karatu, kuma in ɗaya ta ɓace nan da nan ake ganewa.

Mai kiran Najeriya ya fara da 00, sannan 234, sannan lambar mutumin, amma ya jefar da sifirin farkonta. Ɗan ci-rani da ke Kano ko Legas, in zai kira gida, 227 ce lambar shiga Nijar.

A babban biro mai ɗakuna da yawa, tarho duka a haɗe suke da juna. Kowane ɗaki yana da gajeruwar lamba ta cikin gida. A irin wannan wuri, kafin a kira waje sai an fara danna lamba ɗaya, yawanci 0 ko 9. Baƙo ya tambayi sakatare. Matambayi ba ya ɓata.

MAƁALLIN SAKE BUGAWA

A tarhon da ya zo da rubutun Faransanci an rubuta masa Bis. A wanda ya zo ta Najeriya an rubuta Redial. Aikinsa shi ne ya sake buga lambar ƙarshe da aka buga, ba sai an danna takwas ɗin ba. Yana da amfani in layi a cike yake.

Amma a kula. Lambar ƙarshe yake tunawa, ko ta wane ce. In wani ya shigo tsakani ya kira surukinsa, mai danna Bis gidan surukin zai faɗa.

MAƁALLIN AJIYA

Tarho da yawa suna da M1, M2, M3. Kowane ɗaya rumbu ne na lamba guda. An zuba ta sau ɗaya, daga nan dannawa ɗaya ta isa. Yadda ake zubawa ya bambanta daga tarho zuwa tarho, yana cikin takardar da ke zuwa a kwali. Kada a yar da takardar nan.

Me za a aje? Lambobin ranar tashin hankali: gidan likita mafi kusa, da ma'aikatar kiwo, da jandarma ko ƴan gandun daji. Mace mai naƙuda da ta jigata, ko gobarar daji da iska ke kora wajen makiyaya, ba su jiran a nemo littafi. A rubuta sunan kowace lamba a ƴar takarda da manyan baƙaƙe, a manna kusa da maɓallin. A san kuma cewa 17 ta ƴan sanda ce, 18 ta ƴan kwana-kwana.

MAƁALLIN JIRA

Wannan shi ne wanda ya ruɗa tsohon Rumbu. In ma'aikaci ya danna shi, magana ta tsaya amma hanya ba ta yanke ba. Mai kira ba ya jin biro, biro ba ya jin sa. Maimakon shiru sai a sa masa kiɗa ko ɗan kuka, don ya san ana nan. Ma'aikaci yakan danna shi in zai nemo littafi, ko zai kira wani, ko zai amsa wani kiran.

Mai jin kiɗa kada ya kashe. Amma ya sani kuɗinsa suna tafiya muddin yana jira. In kuɗin kaɗan ne ya faɗa tun farko: "Kuɗina kaɗan ne, ga lambata, ina nan kan tudu har azahar." Da tsohon ya faɗi haka, da likita ya same shi a ranar.

Ma'aikaci shi ma yana da nasa nauyi. Kafin ya danna, ya yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci: "Za ka ji kiɗa, kada ka kashe, ina dawowa." Kalma tara ne, amma suna tsare mutum daga tafiyar banza.

MAƁALLIN MIƘAWA

A tarho da yawa harafin R ne a kansa. Da shi sakatare ke miƙa mai kira zuwa wani ɗaki. Yakan danna R, ya buga gajeruwar lambar ɗakin, ya ce wa na can ga mai magana, sannan ya aje kan. Mai kira zai ji kiɗa ko kuka, daga nan wata murya dabam ta fito.

In sabuwar murya ta fito, a sake sallama, a sake faɗin suna da gari da bukata. Mutumin bai ji bayanin farko ba. Kuma a tambaye shi sunan aikinsa da lambar ɗakinsa, a rubuta. Gobe sai a ce wa sakatare kai tsaye: a haɗa ni da ɗaki kaza.

Miƙawa tana yiwuwa ne a inda tarho suke haɗe da juna. A biro mai tarho ɗaya tak, sai dai a kira mutum ya taso.

MAƁALLIN TOSHE BAKI

An rubuta masa Secret ko Mute, ko a zana abin magana da karan tsaye a kansa. In an danna shi, na nan yana jin na can, amma na can ba ya jin na nan. In an sake dannawa, baki ya buɗe.

Yana da amfani ranar ciniki. Misali, sakataren ƙungiya yana magana da ɗan kasuwar Maraɗi a kan kuɗin buhun wake. Ɗan kasuwa ya yi tayi. Sakatare ya ce a ba shi minti ɗaya, ya toshe baki, ya shawarci ƴan kwamiti, sannan ya buɗe ya ba da amsa. Rufe bakin tarho da tafin hannu ba ya hana ji. Mutane da yawa sun tona cikinsu ta haka.

Duk da maɓallin, a yi hattara. Wani lokaci mutum yana zaton ya danna alhali bai dannu ba. Magana zarar bunu ce. Abin da ba a son a ji, kada a faɗe shi kusa da tarho.

MAƁALLIN LASIFIKA

Wannan ya fi duka amfani ga mutanen karkara. An zana masa ƴar lasifika. In an danna shi, muryar na can tana fitowa fili, kowa a ɗakin ya ji, kuma na can yana jin kowa.

Ƙasar Dakwaro wuri ne da noma da kiwo suka haɗu. Kowace kaka maganar ɗaya ce: yaushe za a saki gonaki? Hukuma ce ke yanke ranar kowace shekara, bayan shawara da wakilan manoma da na makiyaya. Amma kafin labari ya kai ƙauye ya bi baki goma. Makiyayi ya ce ya ji an saki. Manomi ya ce wakensa yana gona, ba a saki ba. Dabbobi su shiga, a yi ɓarna, sanda ta fito.

A ɗauka mai gari da ardo sun je biro tare. Sakatare ya kira Dakwaro, ya sa kan a kunnensa shi kaɗai, ya aje, ya ce ranar kaza ce. In sakataren ɗan manoma ne, ardo zai tafi da shakka a zuciya. In ɗan makiyaya ne, mai gari zai yi zargi. Amma in ya danna lasifika, su biyun sun ji da kunnensu daga baki ɗaya, a lokaci ɗaya. Ardo yana iya tambaya: har da gonakin da ke bakin burtali? Mai gari yana iya tambaya: wanda bai gama kwashe amfaninsa ba fa? Kowa ya koma ya faɗa wa mutanensa abu guda. Ba mai cewa an juya magana.

Haka yake ga kuɗin buhun taki, da ranar allurar dabbobi, da yawan cimakar da aka aiko wa gari. Duk maganar da ta shafi jama'a, shaidu su ji ta. Manomi ko makiyayi yana iya roƙo cikin ladabi: "Malam, don Allah a buɗe mu ji tare."

Lasifika tana da ƙa'ida uku. A faɗa wa na can cewa an buɗe, a kuma faɗa masa waɗanda ke zaune. A yi magana ɗaya bayan ɗaya, domin in biyu suka haɗa baki ba abin da ke fita. Kuma ba a buɗe ta a kan sirrin mutum. Maganar ciwo tsakanin likita da majinyaci, ko maganar aure, ko ta bashi, a kunne ake jin su.

Wasu tarho suna iya haɗa wuri uku a magana ɗaya: biro, da Dakwaro, da ardon da ke can daji da salularsa. In ana bukatar haka a tambayi mai kula da tarhon ko nasa yana yi.

GILASHI DA ƘARFIN MURYA

Sababbin tarho suna da ɗan gilashi a sama. Yana nuna lambar da ake bugawa, don a ga kuskure kafin a yi nisa. Yawancinsu suna nuna lambar mai kira, suna kuma riƙe lambobin waɗanda suka kira ba a ɗauka ba. Mai buɗe biro da safe ya fara duba su.

Akwai kuma alamar ƙari da ta ragi, irin na darasin lissafi. Su ne na ƙara murya da rage ta. Tsoho mai nauyin kunne ba sai an yi masa ihu ba, a danna alamar ƙari. Shi ma mai magana ba sai ya ɗaga murya ba. Tarho ba kiran mutum daga gona ba ne. Ihu yana ɓata sauti.

KAFIN A BUGA

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai kiran biro ya shirya tun kafin ya taɓa lamba. Ya samu takarda da alƙalami. Ya rubuta abu huɗu: sunansa da na garinsa, abin da ya faru, yaushe, da abin da yake so a yi.

Makiyayi ya ƙidaya dabbobin da suka kamu, da waɗanda suka mutu, da kwana nawa, da rijiyar da suke sha. Manomin da fari suka sauka a gonarsa ya faɗi ko masu tashi ne ko ƴaƴa masu tsalle, da launinsu, da faɗin wurin da suka rufe. Mai neman takardar haihuwa ya tambayi abin da zai zo da shi, da ranar da mai sa hannu yake nan.

Gaisuwa wajibi ce, amma a taƙaita. Sallama, ina kwana, ina aiki, sai a shiga magana. Gaisuwar gida da ta dabbobi da ta ruwa a bar ta sai an haɗu.

In an faɗi rana ko lamba ko kuɗi, a rubuta, sannan a karanta wa mai faɗin ya tabbatar. Sha biyar da hamsin ba su kama da juna a takarda, amma a tarho mai ƙara ana iya rikita su. Wanda aka ce masa talata ya ji laraba, ya yi tafiyar banza.

Lokacin kira mafi kyau shi ne da hantsi, daga Litinin zuwa Alhamis. Ran Juma'a ana tashi da wuri. Asabar da Lahadi yawancin birori a rufe suke.

LITTAFIN TARHO

Ƙungiyar da ta sayi tarho ta aje littafi kusa da shi. A ja layi biyar: rana, wanda ya kira, wanda aka kira, dalili, minti nawa. Littafin nan yana hana gardama ranar lissafi. Yana kuma riƙe saƙo. In an kira shugaba ba ya nan, mai ɗauka ya rubuta sunan mai kira da lambarsa da saƙonsa, kada ya dogara ga ka.

Tarhon ƙungiya da kuɗin jama'a ake cika shi. Ba na hira ba ne, ba na zance da budurwa ba ne. Taro ya yanke tun farko wa zai riƙe shi, da abin da mai kiran kansa zai biya. A nan ne ɗalibin yaƙi da jahilci yake da aiki. Wanda ya iya lamba ya iya rubutu, shi ya dace a damƙa wa littafin, namiji ne ko mace.

ABU BIYU NA HATTARA

Na ɗaya: macuta. Akwai masu kira su ce daga biro kaza suke, sunan mutum ya fito cikin masu samun taimako, amma sai ya aiko da kuɗi ko ya faɗi lambar sirrinsa. Kada a aika, kada a faɗa. A kashe, a buga lambar biron da aka sani, a tambaya. Wannan ma yana cikin amfanin riƙe lambar biro a rubuce.

Na biyu: maganar tarho ba takarda ba ce. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Sayen gona, da aro, da jingina, a gabansu ake rubutawa. Tarho yana faɗin ranar da za a je da shaidun da za a kawo. Ba ya sa hannu, ba ya buga hatimi. In an shirya a kan diyyar ɓarna ta tarho, a rubuta, kowa ya sa hannu ko yatsa gaban shaidu. A nan zuwa da kai ya fi saƙo.

KULA DA SHI

Ƙura ce babbar abokiyar gabarsa. Lokacin hunturu a rufe shi da ƙyalle mai tsabta. A goge shi da busasshen tsumma, ban da ruwa, ban da kananzir. Kada a aje shi a rana ko kusa da butar shayi. Kada a ja igiyarsa da ƙarfi. A kula da gara da ɓeraye, suna cin igiya.

In hadari ya taso ana walƙiya, kada a taɓa tarho mai igiya. Tsawa tana iya bin igiyar ta shigo ɗaki. A jira sama ta lafa. Mai batir kuwa a cika shi da rana, don kada dare ya yi yana mace.

AIKIN WANNAN WATA

A kowace cibiyar karatu malami ya zana tarho a allo da maɓallansa 12. Ɗalibai su kwafa. Sannan su yi gwaji bibbiyu: ɗaya sakatare, ɗaya mai kira. Mai kira ya faɗi sunansa da garinsa da bukatarsa cikin minti ɗaya. Sakatare ya ba shi rana da lamba, shi kuma ya rubuta ya karanta.

Kowane gari da kowace ruga su nemi lambar gidan likita, da ta ma'aikatar kiwo, da ta ma'aikatar gona, da ta ƙaramar hukuma. A tambayo su daga bakin ma'aikatan kansu. A rubuta a takarda biyu, ɗaya wajen mai gari ko ardo, ɗaya wajen malamin karatu. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, musamman maganar kiɗan jira. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A wata mai zuwa filin nan zai yi bayani a kan sikelin kasuwa da yadda ake karanta shi.